Motar injin katako ta Brook mai hos 5 da aka ce ta ƙone, da yadda ta koma aiki ba tare da an sake mata naɗin waya ba

Injin fere katako ne na Wadkin, irin tsofaffin nan na zubin ƙarfe da ko ƙarti huɗu ba sa iya gusar da su, yana wani shagon kafintoci kusa da 'Yan Katako ta Na'ibawa a Kano. Wadkin kamfanin Ingila ne, a garin Leicester, tun 1897 aka kafa shi, kuma duk wanda ya daɗe a harkar katako ya san injinansu, har yau zaka shiga shago ka tarar da wanda ya girmi mai shagon yana ta aiki. Wannan ɗin na wajen shekarun 1950 ne, hannu da hannu ya biyo har ya iso wurin dattijon da ke da shi yanzu. Motar lantarkin da ke jansa kuwa ta Brook ce, kamfanin da Ernest Brook ya kafa a Huddersfield a 1904, wanda daga baya ya haɗe da Crompton Parkinson sunan ya koma Brook Crompton. Da yawan injinan Wadkin na wancan zamani da motar Brook suke zuwa.

Farantin da ke jikinta duk fenti da giris sun rufe shi, sai da aka goge da ɗan kananzir a hankali kafin rubutun ya fito, kuma dan Allah duk mai irin wannan aiki kar ya sa wa farantin nan sanfefa ko burushin waya, in ka kankare lambobin to ka zubar da rabin abin da zai taimake ka. Abin da ke rubuce: hos 5, fes uku (wato layin wuta uku ke shigarta), bolt 400/440, 50 Hz, juyi 2850 a minti, amfiya 7.5. Hos ɗaya wat 746 ne, kenan wajen kilowat 3.7 take. Juyi 2850 ɗin nan shi ke nuna maka mai fol biyu ce, wato kan maganaɗisu biyu, domin a wutar 50 Hz maganaɗisun cikinta na zagayawa sau 3000 a minti, ita kuma rota, wato ɓangaren da ke juyawa a ciki, tana ɗan biyo baya kaɗan. Wayoyi uku kawai suka fito waje, haɗin sita ɗin, inda ƙarshen naɗin uku ke haɗuwa wuri ɗaya, yana binne a cikin koyil, wato naɗin wayar. Sannan irin mai tagogi ce, iska na ratsa cikinta kai tsaye, wanda a shagon katako wannan shi ne mafarin duk wata matsala.

Yadda yaran shagon suka ba da labari, abin ba rana ɗaya ya faru ba. Ta daɗe tana ƙara kamar ana niƙa tsakuwa a cikinta, jikinta na zafin da ba ka iya ajiye hannu, in an saka madaci mai faɗi sai kaji ta ja baya tana gurnani. Da damina ta kankama wajen watan Agusta sai ta fara jan mutane, kana taɓa teburin injin kaji ta fizge ka, har yaran suka koma shimfiɗa busasshen katako suna tsayawa a kai, abin da ya fi komai tayar min da hankali kenan a duk labarin, domin wuta mai bolt 400 ba abin wasa bace kuma suna aiki ne a gaban wuƙaƙe masu juyawa. Ranar ƙarshe aka ɗaga makunni ta yi gurnani kawai ta ƙi juyawa, wari ya tashi, aka kashe.

Mutum biyu sun duba ta kafin ta zo hannuna. Na farko ya sa mita a wayoyin uku yaga guda ɗaya bata karanta komai, yace ta ƙone sai riwaindin, wato a sake mata naɗi. Na biyu yace ma kar a ɓata kuɗi, a sayar da ita a kilo wa 'yan gwangwan a sayo sabuwa. Dattijon ya kira ni yace, ɗana kai ma zo ka gani, in ta mutu ka gaya min gaskiya in haƙura. Nace Baba a bani ita in buɗe tukuna, ba a yanke wa mota hukunci daga waje, in na buɗe naga ta ƙone wallahi zan faɗa maka. Yace to Allah ya yi albarka, ku kwance masa.

Dalilin da yasa nake jan ƙafa kan sake naɗi shi ne na san abin da ake yi wa motoci a wurare da yawa. Ana cire tsohuwar waya ne ta hanyar ɗora sitato, wato ɓangaren da ba ya juyawa wanda naɗin ke cikinsa, a kan wutar itace ko tsohuwar taya har sai banish ɗin ya ƙone. Shi kuwa sitato ba dunƙulen ƙarfe bane, siraran faranti ne aka jera, kowanne da ɗan rufi tsakaninsa da ɗan uwansa, kuma rufin nan in zafi ya wuce wajen digiri 360 ya fara lalacewa, wutar taya kuwa ta wuce nan nesa. In ya lalace farantan sun haɗe, ƙarfen da kansa zai riƙa yin zafi ko da ka naɗa masa waya mafi kyau a duniya, kuma babu gyara mai sauƙi daga nan. Ga kuma matsalar waya, kasuwa cike take da wadda cikinta alminiyon ne aka shafa mata jan ƙarfe a sama, alhali alminiyon kashi 61 cikin ɗari kawai yake ɗauka na wutar da jan ƙarfe mai kaurinsa zai ɗauka. Sai kuma masu rage lambar waya ko rage yawan zagaye don su samu saura. To motar da ta yi shekara sittin da wani abu da naɗinta na asali, in har naɗin na da rai, ni a wurina ya fi duk abin da za a maye gurbinsa da shi a irin wannan yanayi.

Na fara da maimaita awon da na farkon ya yi, kuma gaskiyarsa ne, tsakanin waya ta ɗaya da ta biyu mita ta nuna om 2.8, amma duk inda ta ukun ta shiga babu komai, a buɗe take. Sai na sa mega, na'urar da ke auna lafiyar rufin waya, mai bolt 500 tsakanin waya da gangar jiki, ta nuna megom 0.2 (megom ɗaya om miliyan ɗaya ne). Wannan ya yi ƙasa ƙwarai, mafi ƙarancin da ake yarda a kunna irin wannan mota da shi megom 1 ne, masu tsanani ma cewa suke 5. Shi yasa take jan mutane. Amma ka lura, 0.2 ba sifili bane. Koyil ɗin da ya ƙone ya manne da ƙarfe sifili zai baka ko kusa da shi, 0.2 kuwa yawanci magana ce ta danshi da datti. Na juya shaf da hannu naji yana kartar wani abu a wuri ɗaya, na ɗaga shi sama da ƙasa naji yana wasa sosai ta ɓangaren fuli.

Kafin a kwance ko noti ɗaya sai da na sa alama da fonci a murafen gefe biyu da gangar jiki, ɗigo ɗaya a gaba ɗigo biyu a baya, saboda tsofaffin murafen nan in ka juya su wani lokacin basa komawa daidai. Fuli da abin zaro fuli aka cire shi bayan ya sha mai ya kwana, ba da guduma ba, zubin ƙarfe ne in ka doke shi ya tsage shikenan. Da aka buɗe murfin baya ba a ma ganin koyil ɗin, garin katako ne ya haɗu da tsohon giris ya zama kamar tuɓurkakken ƙulli-ƙulli ya toshe ko'ina, hanyoyin iska duk sun rufe, kuma da ka matsa shi a hannu kana jin sanyin danshi. Garin katako yana shan ruwa daga iska ya riƙe, ga rufin shagon na yoyo daidai saitin wurin, to kaga koyil ɗin a cikin jiƙaƙƙen bargo yake zaune, da rani bargon ya hana shi shan iska ya yi ta zafi, da damina ya jiƙa shi wuta ta riƙa bi ta ciki tana zuwa gangar jiki.

Da na ɗan share saman naɗin sai hankalina ya fara kwanciya. Motar da ta ƙone tana nuna yadda ta ƙone. In lodi ne ya yi mata yawa duk koyil ɗin zai yi baƙi bai ɗaya. In fes ɗaya ce ta ɗauke aka barta tana aiki, a mai haɗin sita zaka ga kashi biyu cikin uku sun yi baƙi kashi ɗaya na nan fes da launinsa. In waya ce ta haɗe da 'yar uwarta zaka ga wuri ɗaya ya fashe har da 'yan ƙwallayen jan ƙarfe da suka narke. Wannan babu ko ɗaya, launinta ruwan zuma mai duhu ko'ina iri ɗaya, zaren da aka ɗaure kan naɗin da shi bai ƙone ba, na danna da farce banish bai ɓarɓashe ba. Matsalar tana wurin wayoyin ukun da ke fita waje. Na zamanin da ne masu rufin roba da saƙar auduga a sama, robar ta bushe ta zama kamar gawayi, kana lanƙwasawa tana zuba, kuma guda ɗaya ta katse daidai inda take ratsa ramin gangar jiki zuwa akwatin haɗi, girgizar shekaru ta yi ta gogar ta da bakin ƙarfe har ta cinye. Warin da suka ji nan ne ya fito. Na sa mita a bayan inda ta katse, sai ga 2.8, 2.7, 2.8. Naɗin lafiyarsa ƙalau, ranar da ta ƙi tashi fes biyu kawai ke shiga, mota mai fes uku kuwa bata iya tashi daga tsaye da biyu, gurnani kawai zata yi, kuma Allah ya taimaka sun kashe da wuri, da sun barta minti kaɗan da maganar na farkon ta zama gaskiya.

Wankin ya ci lokaci fiye da komai kuma babu wata dabara a cikinsa sai haƙuri. Da tsinken katako da burushin fenti mai laushi aka yi ta cire dattin, ba a sa sukundireba ko wani ƙarfe kusa da waya ba, ƙarzane ɗaya ya isa ya kashe naɗin da ya tsira shekara sittin. Iskar kwamfresa ma a hankali daga nesa, in ka matsa mata da ƙarfi tana tura datti cikin ramuka ta ɗaga tsohuwar takarda. Ban sa fetur ba ban sa tina ba, tina na narkar da banish ɗin da, fetur kuwa kowa ya san haɗarinsa a wurin da za a kunna zafi daga baya. Maganin wanke kayan lantarki na gwangwani na yi amfani da shi, shi ma sai da na gwada a ɗan lungu naga bai taɓa banish ba. A ƙasan sitato ta ɓangaren fuli akwai wani wuri mai sheƙi inda rota ke gogawa, sa'a bai yi zurfi ba, na bi shi da ƙaramar zarto mai laushi na raba bakin farantan da suka fara shafewa a kan juna.

Sai busarwa. Akwatin kwano muka yi aka saka sitato a ciki da hita ƙarama da ma'aunin zafi, aka bar ƙofa kaɗan a sama don tururi ya samu hanyar fita, in ka rufe ruf to dafa ta kake yi a cikin danshinta. Zafin na tsayar da shi wajen digiri 90, saboda rufin waya na wancan zamani auduga da takarda da banish ne, ajin da iyakarsa digiri 105, ba kamar na yanzu ba da ke kai 155. A nan akwai abin da ke ruɗa masu koyo, da ta fara ɗumi mega sai ta nuna ƙasa da na farko, yarona har yace oga ai ƙara lalacewa take. Haka abin yake, awon mega na raguwa kusan rabi duk lokacin da zafi ya ƙaru da digiri 10, ga kuma danshin da ke tasowa daga ciki. In ka ci gaba zaka ga ya daina sauka, ya fara hawa, ya yi ta hawa har ya tsaya wuri ɗaya, to sai ya tsaya ɗin ya daɗe bai motsa ba sannan zaka ce ta bushe, ba wai ka ƙirga awa kaza ka sauke ba. Da ta huce ta dawo zafin ɗaki sai ta bamu sama da megom 100. Daga 0.2 fa. Na kira dattijon a waya nace Baba motarka bata ƙone ba, yace Alhamdulillahi, ai dama jikina ya bani.

Wayoyin fita duka ukun na canza, ba wadda ta katse kaɗai ba, tunda sauran ma saura ƙiris. Na warware ɗaurin a hankali har inda aka haɗa su da wayar naɗi, na saka sababbi masu rufin da ke jure zafi, aka yi musu dalma sosai, aka zura musu rigar zaren gilashi, aka ɗaure da zare yadda ba za su yi motsi ba, ramin da suke ratsawa kuma na goge bakinsa na saka masa zoben roba. Tana da sauran ɗumi aka zuba mata banish na koyil ta kowane gefe har ya daina shiga, domin ɗumin na sa shi ya tsinke ya ratsa can ciki, aka bari ya tsane aka mayar akwati ya gasu. Banish ɗin kafinta na kujera ba ya wannan aiki ko kaɗan, na faɗa ne saboda a shagon katako shi ne a kusa kuma na taɓa ganin an zuba. Wanda ya taru a cikin ramin da rota ke juyawa sai an kankare shi, tazarar da ke tsakanin rota da sitato a irin wannan mota bata kai rabin milimita ba.

Ɓangaren boris shi ne inda na ga abin da ya ɓata min rai. Motocin Ingila na wancan lokaci da awon inci aka yi su. Shaf ɗin nan inci 1 da 1/8 ne, wato milimita 28.575, kuma boris ɗinsa na asali RMS 9 ne, faɗinsa na waje milimita 71.44, kaurinsa 20.64. Wani da ya taɓa gyaranta a baya bai samu wannan ba sai ya ɗauko 6306 wanda ke ko'ina a kasuwa, shi kuma ramin cikinsa 30 ne, wajensa 72, kaurinsa 19. Ya yi wa shaf yawa da kusan milimita ɗaya da rabi, sai ya yanko gwangwanin madara ya naɗa a shaf ya cusa, ramin murfi kuma ya yi masa kaɗan da rabin milimita da ɗoriya, sai ya bi ramin murfin da zarto har ya shiga. Gwangwanin ya daɗe da murƙushewa, shaf na juyawa a cikin boris maimakon su juya tare, ya cinye wurin ya yi kwari, ramin murfi kuma ya zama ba zagayayye ba. Rota ta sauko tana gogar sitato, ga ƙarar da suke ji ga zafin. Na baya shi RMS ɗinsa na asali ne, ya tsufa amma mazauninsa lafiya, sabo irinsa kawai muka nema aka saka, ana samu in an bincika wurin manyan masu sayar da boris, sai dai ka je da lambar da kuma abin awo a hannunka.

Na gaban ne sai da muka yi shawara da mai injin sassaƙar ƙarfe. Shi yaso ya cike shaf da walda ya sassaƙe, nace a'a, zafin walda a gefe ɗaya na lanƙwasa shaf, kuma mota mai juyi 2850 ko ɗan lanƙwasa kaɗan zaka ji shi a jikin katakon da ake ferewa. Tunda murfin ma an riga an ɓata shi, sai muka tsaya a kan mu mayar da wannan gefen 6306 amma ta hanyar da ta dace. Ya rage wurin da ya cinye a shaf har ya koma sumul, ya sassaƙa hannun riga na ƙarfe aka gasa shi aka zura ya kama da ya huce, sannan ya sassaƙe samansa zuwa milimita 30 da ɗan abin da zai sa boris ya shiga da matsi. Murfin kuma ya ɗaura shi a injin ya saita da bakin da ke shiga gangar jiki, wannan shi ne muhimmi, in ya saita da tsohon ramin da aka ɓata to rota zata sake zama a karkace, ya faɗaɗa ramin ya saka masa zobe ya fitar da 72 cif. Bambancin kauri na milimita 1.6 kuma aka cike da siririn zoben ƙarfe da aka sassaƙa daidai, don rota ta zauna a tsakiyar sitato kar ta riƙa kai da komo. Boris mai rufin roba gefe biyu na zaɓa saboda ƙura, mai alamar C3 wanda ke da ɗan sarari na faɗaɗa in ya yi zafi. Gasa shi aka yi zuwa wajen digiri 100 ya zame ya shiga da kansa, ba a wuce 120 ba, ba a kuma doke shi ba. Na bayan da ke buɗe giris kashi ɗaya cikin uku na sararin kawai aka saka, cika shi dam na sa shi zafi.

Da aka haɗa na juya da hannu, shiru, babu karta. Na gwada sandunan rota ta hanyar bai wa waya biyu wuta ƙarama ina juya shaf a hankali ina kallon amfiya, in akwai sandar da ta tsage allura zata riƙa hawa da sauka, wannan bata motsa ba. Sai aka bata cikakkiyar wuta ba bel, ta tashi nan take, fes ukun suka nuna 2.6, 2.5, 2.6, wanda ya yi daidai da mota mai fol biyu da ba kaya a kanta. Ta yi ta juyawa har jikinta ya daidaita, ɗumi kawai, murafen boris ma haka. Fenti shi ne na ƙarshe kuma ban damu da shi sosai ba, sai dai na hana yara kankare tsohon a bushe ba abin rufe hanci, fentin injina na wancan zamani na iya ƙunsar dalma.

Amma da na mayar da ita shagon na gaya wa dattijon ba zan haɗa ta da makunnin da na tarar ba. Makunnin wuƙa ne kawai irin na ɗagawa da saukewa, fiyus ɗinsa an cire an ɗaura waya mai kauri, babu obalod mai yanke wuta in lodi ya yi yawa, babu wayar ƙasa ko ɗaya a jikin injin. Yace ɗana ai haka muke aiki tun kafin a haife ka. Nace Baba haka ne, amma ka duba, in an ɗauke wuta ana tsakiyar aiki yaro ya manta bai sauke makunnin ba, ya sa hannu yana share wuƙaƙe, aka dawo da wuta, me zai faru. Ya yi shiru, sannan yace a sayo abin da ya kamata. Muka saka sitata mai kontakta da maɓallin kunnawa da na kashewa, wadda in wuta ta ɗauke take saki, kuma bata sake kamawa sai mutum ya danna da hannunsa. Obalod na saita shi a 7.5 daidai da farantin mota, na kuma roƙi yaran kar wanda ya murɗa shi sama in ya yanke, in ya yanke to akwai dalili. Aka ƙara na'urar lura da fes, wadda ke hana kontakta kamawa in fes ɗaya ta ɗauke ko ta yi ƙasa sosai, kuma a wurinmu wannan ba ado bane, bambancin kashi 1 cikin ɗari a bolt tsakanin fes na iya zama kashi 6 zuwa 10 a amfiya, kuma duk ƙarin digiri 10 a kan abin da rufin waya ke jurewa yana rage masa rabin kwanansa. Aka kafa sandar ƙasa aka ɗaure jikin mota da na injin da ita.

Na'urar nan ta kama wani abu da ba wanda ya lura da shi. Shagon na da janareto mai fes uku, kuma da aka juya kansa sai ta ƙi bari a kunna, ashe jerin fes ɗinsa ya saɓa da na wutar gari tun wani gyara da aka yi masa kwanan baya bayan motar ta tsaya. Da an kunna haka da baya zata juya, a injin fere katako kuwa wannan haɗari ne babba. Musanya waya biyu a wurin canjin layi ya gyara shi. Shi yasa kullum ake gwada juyi kafin a ɗora bel. Na kuma gaya musu in suna kan janareto su fara tayar da wannan kafin sauran injina, domin lokacin tashi tana jan ninki 6 zuwa 7 na amfiyarta, sama da 45 kenan na ɗan lokaci.

Da aka ɗora bel aka saka afara tana jan wajen 5, aka saka madaci mai faɗi sai ta haura 8, ta wuce farantinta. Wuƙaƙen ne suka dakushe, suna dukan katako maimakon yanka, ga yaran na son cire kauri mai yawa a wucewa ɗaya don su gama da wuri. Aka kai wuƙaƙe washi aka saita su tsayi ɗaya, katakon nan dai da zurfin yanka daidai misali ya dawo 6 da ɗan kai. Bel ɗin ma da suke ɗaurewa kamar tsirkiya na sassauta shi, matsin nan boris ɗin gaba yake ci.

Ba wai ina cewa sabuwar mota bata da amfani bane. Ta kirki mai kilowat 4 ta zamani tana kai kashi 88 cikin ɗari wajen mayar da wuta aiki, ta fi wannan tattalin wuta, kuma rufaffiya ce ƙura bata shiga. Da naɗin nan ya ƙone sitato kuma ya lalace ni da kaina zan ce a saya. Sai dai ba zata zauna haka kawai ba, shaf ɗinta milimita 28 ne, tsohon fuli kuwa raminsa 28.575, ramukan ƙafa ma ba za su hau ba, sai an yi sabon fuli da sabon mazauni, ga kuma masu araha da ke kasuwa waɗanda hos ɗin da aka rubuta a jikinsu ba shi ne a cikinsu ba. A wannan aikin kuɗin da aka kashe a kan motar kanta, boris biyu da sassaƙa da banish da waya, bai kai na sabuwa ta kirki ba, sitata da na'urar fes kuwa ko sabuwar aka saya dole a saye su.

Abin da ya rage a wuyansu shi ne ƙura da ruwa, tunda har yanzu mai tagogi ce. An yi mata rumfar kwano daga sama da gefen da aski ke zubowa, an bar gaba da baya a buɗe don iska, an canza fallen rufin da ke yoyo, kuma duk ranar Alhamis da yamma kafin a tashi yaro ɗaya ke kashe babban makunni ya hure ta. Ramin fulin injin na sama ya cinye har bel na taɓa ƙasansa, shi ne aiki na gaba, kuma mun yi da dattijon zan sake sa mata mega kafin ruwan farko na baɗi mu gani ko awon ya sauka.